Harafi Ɗaya a Bakin Munawwara

Ni ba na riƙe shekaru da lamba, kun sani. Abin da zan ba ku labarinsa ya faru ne shekara biyu bayan ƙarnin Hijira ya juya, lokacin da kowa ke cewa an shiga sabon ɗari. A shekarar ne babanku, Malam Habu, ya sayi keken ɗinki mai aiki da wuta ya jingine na ƙafa, kuma a cikinta ne ruwa ya cika kwarin Aƙiƙ har mutanen Madina suka fita kallo da tabarmi da butar shayi kamar ana biki. 'Yar'uwarku Rabi tana goye a bayana, ba a yaye ta ba. To, ku lissafa da kanku, ku da kuka yi makaranta.

Abin da ya sa na ce a zauna a rubuta shi ne, na ji yadda kuke ba da labarin nan idan kun taru, rabi da Larabci rabi da Hausa, kuna ƙyaƙyata dariya, wai uwarku kurma ce tun tana da ƙuruciya. Jikokin Hajja Zara kuma suna cewa da gangan na yaudari unguwa. Duka biyun ba haka ba ne. Ni Asabe ban taɓa yaudarar kowa ba, kunnena kuwa har gobe yana jin faɗuwar allura a kan darduma. Idan akwai mai laifi, Larabawa ne, da suka ɗauki sana'o'i biyu da ba su haɗa hanya ba suka ba su suna kusan iri ɗaya.

A lokacin muna zaune a unguwar Ƙiblatain, a wani gida mai hawa biyu, mu a ƙasa, saman kuma babu kowa. Wata safiya sai ga mota da akwatuna. Wani mutum ɗan Bangali ne, injiniya, yana aiki a Yanbu inda ake gina matatar mai, ya kawo matarsa. Shi zai riƙa zuwa ranar Alhamis ya koma Asabar, ita kuma ta ce ba za ta zauna bakin teku ba alhali ga garin Manzon Allah kusa. Na gan ta tana hawa matakala cikin baƙar abaya, ban ga fuskarta ba, amma na lura da tafiyar. Ba irin tafiyarmu ba ce. Kamar ƙafar ba ta son ta dami ƙasa. Da la'asar na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka na hau da shi, don baƙo rahama ne, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina son in ga fuskar.

Ta buɗe ƙofa. Subhanallahi. Mace ce da ta ba talatin baya, ba fara ba ba baƙa ba, da ido manya waɗanda in ta ɗaga su sai ka ji kamar ta yi maka magana. Ta ce sunanta Munawwara, sai dai a bakinta yana fita ne kamar Monowara. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata yaren, Larabcinta bai fi na ɗan yaye ba, nawa kuma na kasuwa ne. Da shi da hannu muka yi ta fama. Ta nuna ni ta ce "Afa", daga baya na gane yaya ke nan a yarensu, kuma da shi ta kira ni har muka rabu. Ta ɗanɗana miyar kuka, ta daure fuska irin ta mai kunya, ta haɗiye. Ni kuma ta zubo mini wani kifi da suka dafa da wani mai mai hawa ka, na ci hanci na zuba. Muka dubi juna muka fashe da dariya. Daga nan sai na tambaye ta abin da ake tambayar baƙo, ko tana da sana'a a ƙasarsu.

Ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali kamar mai faɗin laifi:

"Ana… mumassila."

Yanzu ku kun san mumassila ita ce 'yar wasan kwaikwayo, mai fitowa a silima. Ni a lokacin ina zan san ta? Madina babu gidan silima, mu kuma ba mu da talabijin. Kalmar da na sani ita ce mugassila, mai wankan gawa, don ita nake ji kullum a bakin Iya Mairo, tsohuwar da ke wannan aikin a unguwarmu. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, an kuma faɗe shi ƙasa-ƙasa da bakin Bangali. Da na ga yadda ta sunkuyar da kai sai na ce a raina, ka ji tawali'un bayin Allah. Na tashi tsam na kama kanta na sumbata, na ce mata da guntun Larabcina aikinta aikin 'yan Aljanna ne, gidanmu ya yi albarka da ta shigo shi. Sai ga hawaye shar a fuskarta. Na ɗauka tsoron Allah ne. Ashe baiwar Allah tun a jirgi take fargabar ranar da za a yi mata wannan tambayar, ta kuma yi wa kanta alkawari ba za ta yi ƙarya a garin Annabi ba ko da za a tofa mata yawu. Dangin mijinta ma ba sa cin abinci a kwano ɗaya da ita saboda sana'ar. Sai ga mace ta farko da ta gaya wa a Madina ta sumbaci kanta.

Wata da watanni muna hira a saman soro muna shanya, kowa da abin da take nufi, kuma hirar tana tafiya lafiya lau. Na tambaye ta tun yaushe ta fara, ta ce tana da shekara goma sha shida. Na ce ba ta ji tsoro ba? Ta ce ranar farko ta ji ƙwarai, ga zafin fitilu, ga maza tsaitsaye suna kallo. Na ce maza? Ta ce e, maza da yawa. Na ce a raina ƙila mazhabarsu ce ta yarda da haka, ni wace ce da zan yi musu. Na ce guda nawa ta yi, ta ce sun haura arba'in. Na ce a raina lallai ƙasarsu akwai lafiya, Iya Mairo tana yin haka a aikin hajji ɗaya. Ta ce wani yakan ɗauke ta wata uku, na ce Larabci ne ya ruɗe mata, ta kasa raba wata da awa. Ta ce idan ta gama mutane sukan yi ta kuka, na ce dole. Sannan ta ce lokacin yaƙin da ya raba ƙasarsu da Pakistan aiki ya tsaya cak. Wannan ya ɗaure mini kai kwana biyu, don ni a sanina yaƙi ƙara irin wannan aikin yake. Ina cikin wanke-wanke amsar ta faɗo mini: ai shahidai ba a yi musu wanka. Na yi ta jin daɗin kaifin basirata.

Ba na riƙe alheri a ciki, don haka kafin sati ya zagayo duk matan Hausawan Ƙiblatain sun ji. A wancan zamani maganata tana da nauyi. In baƙuwa ta sauka unguwa, daga Kano take ko daga Damagaram ko Abeshe, ni ake tambaya wace iri ce, in na ce ta kirki ce an gama. Aka fara ba Munawwara wuri a gaba a wajen suna da walima, tsofaffi na miƙo mata hannu ta yi musu addu'a. Ita kuma tana mamakin mutanen nan baƙaƙe masu girmama 'yan silima haka. Mutum ɗaya ce ba ta yarda ba, Hajja Zara, Bahaushiyar Sudan, mai baki kamar aska.

"Ya Ummu Sani," in ji ta, don da sunan ɗan farina ake kirana, "wallahi wannan hannun bai taɓa juya gawa ba. Dubi yatsun. Kuma mai wankan gawa ba ta zizara kwalli haka, kamar wadda za a ɗauka hoto."

Na ce, "Hajja, hassada ga mai rabo taki ce. Da kunnena na ji."

"To, Allah ya bar mana kunnen."

Iya Mairo kuwa ita ce ainihin mai wankan matanmu. Tsohuwa ce 'yar Katsina da ta zo da ƙafa ta hanyar Sudan tun kafin a haife ni, kuma babu Bahaushiyar da aka kai maƙabartar Baƙi'a a shekarun nan ba ta bi ta hannunta ba. Ni nakan zuba mata ruwa in an kira ta, amma ban taɓa sa hannuna ba, zuciyata ba ta ɗauka. Da ta ji labari sai ta dogara sandarta ta zo ta hau matakalar nan da kyar, ta zauna gaban Munawwara, ta kama hannuwanta biyu ta juya su ta sake juyawa, ta daɗe tana kallo. Ta kwance bakin zanenta ta ba ta ƙullin garin ganyen magarya, wanda ake zubawa a ruwan wankan mamaci. Bayan kwana biyu Munawwara ta sauko gashinta na sheƙi tana ta godiya, wai maganin Iya ya karɓi kanta. Na ce to, ai magarya tana wanke kan mai rai ma. Tun daga nan tsohuwar ta maƙale mata. Kusan kullum da hantsi tana sama, ba yare ba komai, ita tana jan carbi, Munawwara na matsa mata ƙafa tana rera mata wani abu a hankali cikin yarensu.

Ana saura kwana kaɗan azumi Iya Mairo ta kwanta, kwana uku Allah ya karɓi abinsa, da hantsi. 'Yarta Hajara ta aiko a kira ni. Na tarar gida ya cika da mata, maza na waje suna cewa a hanzarta, ana so a kai ta masallacin Harami a sallace ta bayan la'asar. Hajara ta ja ni gefe ta ce:

"Yaya Asabe, Iya ta bar wasiyya. Ta ce kada a kai ta wurin wankan hukuma, kada kuma kowa ya taɓa ta sai 'yar Bangalin nan ta samanku. Ke ki zuba ruwa."

Na ji kaina ya ƙara girma. Na dubi Hajja Zara na wuce. Na je na hau sama na ce wa Munawwara Iya ta rasu, ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta. Na ce ta tashi ta ɗauko kayan aikinta ana jira. Ta ce wane kayan aiki? Na ce na wanka mana, ai ke Iya ta ce. A lokacin Larabcinta ya yi ƙwari. Muna tsakiyar matakala ta tsaya cak, ta riƙe bango.

"Afa, me kika ce ni ce?"

"Mugassila."

"La, la, la! Mu-mas-sila! Silima, Afa! Silima!"

Ta ɗaga hannu ɗaya sama, ta karkata wuya, ta juya idanun nan, nan take a kan matakala ta zama wata mace daban, irin waɗanda na taɓa gani a jikin bango a Kano ina yarinya. Sai ta sake hannun ta koma Munawwara. Na zauna a kan matakala. Fitilu. Maza tsaitsaye. Wata uku. Duk suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, har da shahidaina. Ita ma ta zauna kusa da ni, ta rufe fuska, ta ce ashe duk girman nan da ake ba ta ba nata ba ne, na wata ce. Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo.

To, ga inda nake so ku buɗe kunne, don a nan ne ake yi mini ƙarya. Hanya biyu ce a gabana. In koma in ce wa mata na yi kuskure, a ɗauki Iya a kai ta inda ta ce kada a kai ta, Munawwara kuma ta rufe ƙofarta har ranar da za ta bar garin. Ko kuma in cika wa tsohuwa wasiyyarta, abin da zai biyo baya ya biyo. Ban yi tunanin sunana ba a lokacin, Allah shi ne shaida, wasiyyar nake ji. Na ce mata:

"Kina salla?"

Ta ce, "Ina yi."

"Kin iya alwala?"

"Na iya. Amma Afa, ni ba mai tsarki ba ce. Na yi rawa a gaban duniya."

Na ce, "Iya ba ta ce a kawo mata waliyyiya ba, ke ta ce. Ni na san yadda ake yi, hannuna ne ba ya iyawa. Ke kina da hannu, ba ki san yadda ake yi ba."

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta share ido ta ce:

"Duk rayuwata aikina ke nan. Wani ya tsaya a bayana ya ce ɗaga hannu, in ɗaga, ya ce juya, in juya. Ki tsaya a bayana, Afa. Ki faɗa a hankali, sau ɗaya ya isa."

Ta koma ta wanke kwallin idonta, ta yi alwala, muka tafi. Mu uku ne a ɗakin, ni da ita da Hajara mai riƙe mayafi. Abin da ke tsakanin mai wanka da mamaci amana ne, ba zan buɗe muku shi ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, ina raɗa mata tana yi: naɗe hannunki da ƙyalle, fara da alwala, dama kafin hagu, ruwan magarya, ruwa zalla, na ƙarshe da kafur. Ban maimaita ko kalma ɗaya ba. Hannun nan da Hajja Zara ta raina, ban taɓa ganin hannun da ya juya mamaci da ladabi irinsa ba, kamar tana tsoron kada ta tashe ta daga barci. Da ta zo kan furfurar Iya ta raba ta uku ta kitse, hawaye na zuba amma ko shessheƙa babu. Hajara tana jin duk raɗar da nake yi, ta ci gaba da riƙon mayafinta. Kafin kiran la'asar an ɗauki makara.

Da maza suka tafi, mata suka zauna a tsakar gida. Waɗanda suka shiga yi wa Iya bankwana suna ta yaba yadda aka shirya ta. Hajja Zara da kanta ta taso ta dafa kafaɗata.

"Ummu Sani, na janye maganata. Wannan ta san aikinta."

Da na yi shiru da shi ke nan, har yau ba wanda zai sani. Amma na dubi Munawwara na ga tana shirin miƙewa, na san abin da za ta yi, na ce ba za ta ɗauki kayan da ni na ɗaura ba. Na riga ta tashi. Na ce jama'a ku saurara, ni Asabe na yi kuskuren ji, baiwar Allah nan ba ta taɓa ce mini ita mai wankan gawa ce ba, gaskiya ta gaya mini tun ranar farko, 'yar silima ce a ƙasarsu, kuma yau ne farkon wankanta. Sai salati ya ɓarke ta ko'ina. Hajja Zara ta cire hannunta daga kafaɗata kamar ta taɓa garwashi.

"'Yar rawa? Kika kai 'yar rawa kan Iya Mairo? Kin cuci tsohuwa, Asabe!"

Sai Hajara ta yi magana daga bakin ƙofa, muryarta a dushe.

"Ba wanda ya cuci Iya. Iya ta sani."

Aka juya ana kallonta.

"Tun ranar da baiwar Allah nan ta wanke kai da magaryar da Iya ta ba ta, Iya ta dawo gida tana dariya har da tari. Ta ce, yarinyar nan ko gawar kaza ba ta taɓa wankewa ba, Asabe ta jiyo wani abu ta kawo mana wani. Na ce to Iya ki faɗa mana. Ta ce a'a, na ga hannun, irinsa nake nema shekara da shekaru ban samu a cikinku ba. Ni ma ranar da na fara ai ban taɓa yi ba."

Wata tsohuwa a gefe ta fara dariya tana toshe baki, don gidan makoki ne, sai ta kasa riƙewa, sai ga rabin matan suna dariya suna kuka a haɗe. Iya Mairo ta yi mana wayo tana kwance a makara.

Ba a nan ta ƙare ba, kada ku ɗauka kyauta na sha. Washegari babanku ya je ya sami wani malami ɗan Sakkwato da ke karatu a Jami'ar Madina ya tambaye shi ko wankan ya yi. Malamin ya ce Musulma ce, mai amana ce, an yi yadda shari'a ta ce? To ya yi. Hajja Zara ta shekara biyu ba ta amsa sallamata. Aka daina tambayata halin baƙi. Kuma tun daga ranar, ko cewa na yi an ga wata, sai wata ta ce, "Da wane kunnen kika ji, Ummu Sani?" Mace irina, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma har yau ban gama biya ba, tunda ga shi ku ma kun gada.

Amma na sami abin da ya fi. Bayan sallar azumi Munawwara ta buɗe mini wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonta, cike da hotuna, ta ba ni labarinta daga tushe, wannan karon kowa na jin kowa. A wani ƙauye aka haife ta a bakin kogi, inda ruwa ya fi ƙasa yawa, ubanta malamin makaranta ne. Waƙa ta fara yi a gidan rediyo a Dakka, wani mai shirya fim ya ji muryar ya nemi ganin mai ita. Suka sauya mata suna, suka ba ta sunan wani fure da ke zubowa da asuba, ni dai bakina bai taɓa iya faɗarsa ba. Kullum ita ce 'yar ƙauye mai tulu, ko amaryar da kogi ya cinye mijinta. Ta ce ruwan saman da ake gani a fim da tiyo ake yi, wani ƙato ne a kan tsani yake fesa mata tana rawar sanyi, ana cewa ta yi murmushi. Ta ce sauran 'yan wasa wani mai suke ɗigawa a ido don hawaye, ita kuwa tuna ranar da ta bar uwarta a bakin kwalekwale kawai take yi. Akwai lokacin da ba ta iya shiga kasuwa, sai an rufe shago an bar ta ita kaɗai. Bayan yaƙi ta koma ta ƙara yin suna fiye da da, sannan wata rana tana zaune gaban madubi ana shafa mata hoda, ta ga ba ta tuna yadda fuskarta take in babu mai kallo. A shekarar ta yi aure ta ajiye. Ta ce ranar da ta fara tafiya a kasuwar Madina cikin abaya, ba wanda ya waiwayo, ta ji kamar an sauke mata tulun nan na fim daga ka.

Na ce, "Kina nadama?"

Ta ce, "Wani abin e, wani a'a. Na sa matan da ba su da inda za su yi kuka sun sami wuri sun yi. Wannan ban san yadda Allah zai auna shi ba."

Wata huɗu bayan Iya, wata mata 'yar Chadi ta rasu wajen haihuwa. Aka yi ta kallon-kallo, babu mai yi. Da azahar sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar sama. Na leƙa, mijin matar ne da wata tsohuwa. Munawwara ta sauko ta tsaya a ƙofata ta ce, "Afa, ɗauko buta." Shekara bakwai ta yi tana wannan aikin a Ƙiblatain, na Hausawa da na Bangali da na wanda ba a san danginsa ba, ba ta taɓa karɓar ko dabino ba. A na uku ta daina jiran raɗata.

Hajja Zara kuma bidiyo ne ya shirya mu. Lokacin da ya shigo gari, injiniya ya samo kaset ɗin wani fim ɗin matarsa a wurin abokan aikinsa a Yanbu. Wata la'asar muka rufe tagogi, mata zalla, muka zauna. Ba a yi nisa ba sai ga sallama, wai Hajja Zara ce ta zo aron turmi. Ta tsaya a bakin ƙofa da niyyar tafiya, ta zauna a bakin kujera, can sai ga ta a gaba ta ture kowa. Ba mai jin yaren, amma da aka zo inda Munawwara ke mutuwa a jikin wata bishiya, gashi a baje, tana ta dogon jawabi, Hajja Zara ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe, tana yi wa mutanen cikin akwatin tsawa:

"Ku juya ta alƙibla, ya jama'a! Ku laƙƙana mata shahada! Wane irin mutane ne ku?"

Munawwara ta yi dariya har ta kwanta a jikina. Ta ce, da Hausarta da ta fara kamawa:

"Hajja, haƙuri. Ni mutu sau ashirin, duka ba daidai ba. Yanzu na sani."

Hajja Zara ta tafi ba turmi, washegari ta aiko mini da kisra mai zafi, wainar nan tasu ta Sudan.

Da aikin Yanbu ya ƙare suka koma ƙasarsu. Ranar tafiya ta bar mini akwatin hotunan, ta ɗauki ƙullin magarya. Akwatin yana nan ƙarƙashin gadona, wanda ya ce ƙarya nake ya zo ya buɗe.

Mutanen wancan lokaci sun tafi kusan duka. Babanku yana Baƙi'a, ba nisa da inda aka sa Iya Mairo. Hajja Zara ta bi su, injiniya ma na ji ya riga mu. Hajara tana nan a unguwar Ranuna wurin ɗanta, ido ya tafi amma baki na nan, ku je ku tambaye ta in kuna shakka. Sai ni, sai Munawwara, can a Dakka, ta tsufa tuƙuf, takan kira ni a waya duk salla. A unguwarsu yanzu yara ba su san ta taɓa fitowa a silima ba, abin da suka sani in mace ta rasu ƙofarta ake bugawa. A sallar da ta wuce na ce mata, in baƙo ya tambaye ki sana'arki yanzu me kike cewa? Ta ce, "Mugassila, Afa," ta fito da harafin sarai yadda ko kurma zai ji.

To, kun ji. Kunnena bai yi kuskure ba. Riga kowa ji ya yi.